Akuya a Daɓen Lisbon

A ƙauyen Urzeira, in ka hangi tsoho yana tafe kansa a sunkuye kamar wanda ya yar da allura, ba sai ka tambaya ba, Mestre Abílio ne, wato gwani Abílio. Ba damuwa ce ta sunkuyar da shi ba, ba kuma ciwon wuya ba. Sana'a ce ta bar masa wannan tafiya. Shekara hamsin da 'yan kai ya yi yana daɓe tituna da ƙananan duwatsu farare da baƙaƙe, har idonsa ya saba da ƙasa. Ko ɗaurin aure aka gayyace shi, kafin ya ga amarya ya riga ya ga dutsen da ya zauna a karkace a ƙofar coci, kuma sai ya taɓa na kusa da shi ya nuna masa.

Yana da shekara goma sha biyar kawunsa ya tafi da shi Lisbon. Shekara biyu bai taɓa guduma ba, sai ɗaukar yashi da jan ruwa. Daga baya aka ba shi 'yar kujerar tsuguno mai ƙafa ɗaya, aka koya masa riƙe dutse a tafin hagu, ya sare shi da guduma sau uku ko huɗu har ya fitar da kusurwar da za ta shigar da shi tsakanin 'yan'uwansa. Ba siminti a aikin. Dutse ke riƙe dutse, yashi ya cike tsakani, a yayyafa ruwa, a bi da madaɓi. Abílio yakan ce duk wanda ya sa siminti a daɓe bai yarda da hannunsa ba ne. Har yau tafin hagunsa kamar ƙasan takalmi yake, yana ɗaukar garwashi da shi ya mayar cikin murhu.

Masu wannan aiki suna da wata al'ada tasu. In mutum ya ƙware, aka ba shi wani yanki ya yi shi kaɗai, yakan ɓoye 'yar alama a wani lungu, wadda ba ta cikin zanen da aka ba shi. Wani ya yi ganye, wani kifi, wani tauraro. Ba a neman izini, ba a kuma yin shela. Mutum dubu za su taka ta a rana ba su sani ba, amma ɗan sana'a in ya zo wucewa zai tsaya ya ce, nan hannun wane ne.

Ta Abílio ɗaya ce tak a duk Lisbon, kuma cikin fushi ya yi ta.

Lokacin yana neman Graciete, wata doguwar yarinya 'yar ƙauyensu mai kiwon awakin gidansu. Shekara uku yana hawa jirgin ƙasa duk Ista da Kirsimeti yana zuwa wurinta. Ya samo ɗaki biyu a Lisbon, masu taga da ake hango kogi in an miƙa wuya, ya zo da murnarsa ya gaya mata. Ta ce ta ji, amma wa zai tatsi awaki? Ya ce a sayar mana. Ta dube shi kamar ya ce a sayar da uwarta, ta kaɗa dabbobinta ta hau dutse. Ranar Litinin ya koma bakin aiki, aka ba shi gefen wani siririn titi mai hawa. A nan, a tsakiyar farin daɓe, ya zauna ya sassare baƙaƙen duwatsu ya fitar da kan akuya, da gemunta da ƙahonninta, don duk wanda ya wuce ya taka mai taurin kai.

Kwana goma fushin ya yi. Da ya huce sai ya rubuta mata takarda, ya ce ya bar mata alama a titin babban birni, wadda za ta daɗe fiye da su duka biyu. Ta aiko da amsa layi ɗaya, tana tambayar alamar mece ce. Ya juya alƙalami, ya sake juyawa, ya rubuta: fure.

Bayan wata takwas shi ne ya tattara kayansa ya dawo Urzeira. Aka ɗaura aure. Ya ci gaba da daɓe dandalin garuruwan kusa, da harabar coci-coci, da tsakar gidajen waɗanda suka dawo daga aiki a Faransa. Ita kuma ta ci gaba da awakinta da cukunta. Shekara arba'in da biyar furen nan yana zaune tare da su a gida kamar ɗan haya. In ya manta ranar haihuwarta sai ya ce ai ya riga ya ba ta furen da ba ya bushewa. Ita kuma ta ce furen da ba a gani, ba a shinshinawa, ko ita tana da gona guda irinsa a Paris. Sau biyu ta taɓa zuwa Lisbon, duka asibiti, daga mota sai layin likita. Shi kuwa bai taɓa matsa mata su je ba, ya san abin da ya binne a can.

Bara, a watan Agusta, wuta ta gangaro daga dutse. Da hantsi aka fara jin ƙauri, kafin tsakar rana sama ta yi ja. Jikarsu Telma, wadda ta gama jami'a sati uku kafin nan ta zo musu hutu, ita ta tura su cikin mota ta ja su ta hanyar da hayaƙi bai bar mutum ya ga hancin motar ba. Gidan ya tsira, bango ɗaya ne ya yi baƙi. Rumfar kayan aiki ta tafi, da gudumarsa da kujerarsa. Garken awaki ma ya tafi, da goma sha ɗayan da ke ciki, domin Graciete da kanta ta kulle su da safe don kada su hau dutsen da ke ci.

Tun daga ranar ba ta ƙara ambaton akuya ba. Maƙwabta suka kawo mata 'ya'ya biyu kyauta, ta yi godiya ta mayar. Takan tashi da asuba yadda ta saba, ta sa takalmin roba, ta tsaya a bakin ƙofa, sai ta cire ta koma ta zauna. Telma kuma aikin da aka yi mata alkawari a birni ta ce a ba ta lokaci, ta zauna tare da su. Ko burodi ne ya ɗan ƙone a kicin sai ta fito ta zagaya gidan tana duban dutse.

A watan Maris likita ya duba idon Abílio ya ce ba yana ba ce da za a cire; abin daga ciki yake, tsakiyar ganinsa ce ke tafiya sannu a hankali. Saboda haka da ofishin gunduma ya sanar za a kai tsofaffin ƙauyen yawon buɗe ido Lisbon a watan Yuni, don su ɗan wartsake, shi ne na farkon sa suna, kuma uku ya sa. Ya ƙudura a ransa zai nuna wa Graciete alamarta tun yana iya ganinta da kansa, ya tsaya a gabanta ya karɓi duk abin da za ta faɗa. Abin da ke damunsa shi ne, ba shekarar da ta fi wannan muni a nuna wa matar nan akuya.

Suka tashi da sassafe, mutum talatin da huɗu a doguwar bas, da kwandunan burodi da cuku da naman da aka soya tun jiya, kamar a Lisbon ba a sayar da abinci. Senhor Custódio na ofishin gunduma ne jagora, jar lema a hannu, usur a wuya. Tun a mota ya gaya musu ƙarfe biyar daidai bas za ta bar babban dandali, wanda bai zo ba ya nemi danginsa. Telma ta ƙirga kawuna a gidan mai, ta sake ƙirgawa bayan an hau, ko da yake ba wanda ya sa ta.

Rana ta yi kyau. Aka fara da bakin kogi, inda tsohuwar hasumiya ke tsaye ƙafarta cikin ruwa. Aka shiga babbar majami'a mai ginshiƙan da aka sassaƙa kamar an tufka igiya, matan suka kunna kyandir, mazan suka tsaya suna gardamar shekara nawa aka yi ana ginin. Aka bi layi aka sayi ɗan kek mai ƙwai da madara, da zafinsa. Graciete ta ci biyu, ta ce ƙwan ba na kajin gida ba ne, ta sa Telma ta ƙaro mata na uku. Abílio ya ji daɗin ganin tana ci.

Daga nan aka hau tudun ganuwa, inda birnin duka ke kwance a ƙasa, jajayen rufi har bakin ruwa. Iska ta ɗauke hular wani tsoho, aka yi ta dariya. Abílio ya nuna wa Graciete wani wuri can wajen kogi, ya ce ɗakunan da ya kama mata a nan suke. Ta kare ido da hannu ta daɗe tana dubawa, ta ce to ina mutum zai shanya kaya a wannan matsi, ta gode Allah da ta yi hankali tun tana yarinya. Amma ba ta bar bakin katangar ba sai da Custódio ya busa usur sau biyu.

Duk inda aka je, mutum talatin da uku kai a sama, mutum ɗaya kai a ƙasa. Custódio na nuna gine-gine da lema, Abílio na murza daɓe da tafin takalmi. A nan ya ce aikin kirki ne, tsohon hannu. A can ya ce wanda ya yi wannan yunwa yake ji, sauri yake ya je cin abinci. A babban dandali, inda baƙi da fari ke tafiya kamar igiyar ruwa, ya tsaya ya cire hula, da saurin da bai yi a coci ba.

"Kai tsoho, ɗaga kai ka ga gari," in ji Graciete. "An kawo ka Lisbon kana kallon abin da karnuka ke kallo."

"Ni gari nake kallo. Ku rufinsa kuke kallo."

"To ina furen nawa? Ko shi ma ya tafi Faransa neman aiki?"

Ya ce ta ci abinci tukuna.

Suka buɗe kwandunansu a kan benci a inuwar itatuwa, tattabaru na kewaya su. Ƙarfe biyu Custódio ya sallami kowa ya yi yawonsa. Wasu suka tafi hawa taragon lantarki, wasu sayen tsaraba. Abílio ya gyara hula ya ce wa matarsa da jikarsa su biyo shi, ba nisa, tafiyar minti goma ce.

Abin da yake tunawa a fili yake a kansa: titi siriri mai hawa, a gindinsa shagon busasshen kifi da ake jin warinsa tun daga kwana, sama kaɗan wani gurgu mai gyaran takalmi, sai famfon unguwa. Suka shiga titi na farko. Ba kifi, ba takalmi, sai shagunan tsaraba cike da zakarun tangaran da riguna masu rubutu. Ya ce ba nan ba ne, na gaba ne. Na gaban ma haka, sai dai an ƙara da masu askirim. Na uku matakala ce. Na huɗu ya yi kama sosai, amma daɓen sabo ne, tun daga nesa ya gane, duwatsun duk girmansu ɗaya kamar inji ne ya haife su.

Ya tambayi wani mai shago ina shagon kifin Senhor Amadeu. Mutumin ya ce shi shekararsa shida ke nan da zuwa ƙasar. Ya tambayi wata tsohuwa mai shanya a taga, ta ce shagunan kifi bakwai ta sani a unguwar, duk sun rufe, wanne yake so? Telma ta ce ya ba ta sunan titin ta duba a waya. Sai a lokacin ya gane bai taɓa sanin sunan ba. Motar aiki ke sauke su da safe, shugaba ya nuna da yatsa, kowa ya kafa kujerarsa. Wa ke ɗaga kai ya karanta allo?

Uku da rabi ta wuce. Graciete na hawa a hankali, hannu ɗaya a gwiwa. Can ta tsaya ta ce masa ya bari haka. Ta ce ta gode, ta ga kogi, ta ci kek, fure kuma ta yafe. Ko akwai ko babu, sun riga sun tsufa da shi. Da taushi ta faɗa, ba da zolaya ba. A nan ya gane ta daɗe da yanke wa ranta cewa babu wata alama, ta dai bar shi ne da labarinsa. Wannan ya fi masa zafi a kan ta ga akuyar.

"Titi ɗaya," ya ce. "In ba shi ba ne mu sauka."

Suna karya kwana hayaƙi ya tare su. Watan bikin waliyyin birni ne, an rataya takardu masu launi daga baranda zuwa baranda, ko'ina an fito da gawayi ana gasa kifin sadin a bakin ƙofa. Hayaƙin ya cika lungun, fari, mai kauri, har ba a ganin ƙarshen titin. Graciete ta ce wannan ƙamshi zai tayar wa mutum da yunwa. Abílio ya waiga ya ga Telma ta tsaya cak. Fuskarta ta koɗe, tana laluben aljihu tana neman makullin motar da ba ta zo da ita ba, numfashinta na fita guntu-guntu.

Bai ce mata kifi ne ba, ta sani. Ya kama ta a gwiwar hannu ya ja ta gefe, ya zaunar da ita a ƙasa jikin wani bango, inda hayaƙi bai cika sauka ba. Shi ma ya lanƙwasa tsofaffin gwiwoyinsa ya zauna kusa da ita, zaman da ya yi wata goma bai yi ba, tun da kujerarsa ta ƙone. Ya ɗauki hannunta ya ɗora a kan daɓe.

"Taɓa nan, 'yata. Sanyi ko zafi?"

"Sanyi, Kaka."

"To ƙirga min su. Fararen kawai, baƙaƙen ba su da hali."

Ta yi wata 'yar dariya haɗe da kuka, ta fara ƙirgawa da yatsa. Graciete ta tsaya a kansu tana yi mata fifita da hular tsohon. Kafin Telma ta kai arba'in numfashinta ya fara daidaita.

Abílio ya jingina don ya huta, sai wani abu ya tokare shi a gadon baya. Ya kai hannu ya shafa. Zoben ƙarfe ne kafe a gindin bango, irin na ɗaure alfadari a zamanin da, ya cinye ta gefe ɗaya. Yatsunsa suka san shi kafin kansa ya sani. A nan yake rataye jakar abincinsa don kada tururuwa su shiga, sati uku cur. Ya ɗaga ido daga inda yake zaune, sai titin ya dawo masa gaba ɗaya: dokin ƙofar can da ya guntule kamar an gatsa, bututun ruwan sama mai bakin kifi, yadda hawan ke karkata hagu. Tun ƙarfe biyu yake neman titin a tsaye, alhali bai taɓa zama da shi a tsaye ba. Daga tsayin kujerar tsuguno ya san shi.

Ya auna da ido. Taki huɗu daga zoben, wajen hawa. A daidai wurin akwai teburan wani ƙaramin gidan abinci, da wata ƙatuwar tukunya mai itacen lemo a ciki.

Shi da Telma suka ɗaga juna suka miƙe. Mai gidan abincin, wata gajeriyar mace mai furfura da ya ji ana kira Dona Zulmira, tana juya kifi a kan ragar ƙarfe. Ya gaishe ta, ya ce shi ne ya yi daɓen nan kusan shekara arba'in da shida da suka wuce, yana roƙon a ɗan matsar da tukunyar, akwai abin da ya bari a wurin. Ta dube shi, ta dubi hannuwansa, ta ajiye abin juya kifin. Ta tambaye shi me ya bari. Ya saci kallon Graciete, wadda ta matso har kafaɗarta na taɓa tasa.

"Wani fure ne," ya ce a hankali.

"Fure? Senhor, shekara ashirin da biyu ina share wurin nan safe da yamma. Ba fure a nan. Akuya ce kawai."

Graciete ta juyo ta dubi mijinta.

Dona Zulmira ta kira mijinta suka ja tukunyar gefe. Ta ce ita ta ɗora ta a kan akuyar da tebura suka yi yawa, don ƙafafun kujeru su daina cin ƙahon. 'Ya'yanta suna ƙanana ba sa tafiya makaranta sai sun ce wa akuyar ina kwana. Shekarun baya da aka zo sa bututu an tone wannan gefen, amma tsohon da ya zo mayar da daɓen ya kwashe duwatsun akuyar ɗaya bayan ɗaya ya jera a kan buhu, ya mayar da su yadda ya same su, ya ce ba a share hannun wani.

Ga ta nan, ba ta fi tafin hannu biyu ba. Shekaru sun goge ta har tana sheƙi. Abílio ya karkata kai don ya gan ta da gefen ido, inda ganinsa ya fi kyau. Ya ga dutse ɗaya a gemun ba nasa ba ne, ya fi sauran baƙi, amma wanda ya sare shi ya iya. Sai ya juyo ga matarsa ya fara jawabin da ya yi wata uku yana shiryawa. Ya ce yaro ne shi lokacin, ransa a ɓace yake, ita ma ai ta san abin da ta ce masa.

Ba ta ko saurare shi ba. Ta miƙa wa Telma jakarta, ta dafa tebur, ta durƙusa a kan gwiwoyin da ko a coci ta daina durƙusawa a kansu. Ta sa yatsa ta bi goshin, ta bi kunnen, ta hau ƙahon dama har ƙarshe. Da ta zo na hagu yatsan ya tsaya a rabi, domin a nan ƙahon ya ƙare.

"Ai Pinta ce," ta ce.

Shi ya ma manta da sunan. Abin da ya sani kawai shi ne, lokacin da yake sare duwatsun akuya ɗaya ce a idonsa, wadda ke shiga tsakaninsa da Graciete duk ranar da ya je zance tana cin gefen rigarsa. Ƙahonta na hagu a shinge ya karye. Bai yi tunanin gyara mata shi ba. Yadda take, haka ya yi ta.

Graciete ta daɗe a durƙushe. Ba tare da ta ɗago ba ta gaya wa Telma cewa da kwalba ta shayar da Pinta a shekarar da mahaifinta ya rasu, a ɗakinta take kwana, kuma goma sha ɗayan bara duk jininta ne. Karo na farko ke nan da ta ambace su. Hawaye ya sauko mata, ta share da bayan hannu, ta kuma share daɓen inda ya ɗiga, kamar ta ɓata wa mutane wuri.

"Ba ki yi fushi ba?" in ji Abílio.

"Na yi mana. Shekara arba'in da biyar kana min ƙarya, tsohon banza." Ta miƙa masa hannu ya ɗaga ta. "Amma da fure na tarar, da na ce wa ya san 'yar Lisbon ɗin da ka yi wa shi. Wannan kam ba mai ita sai ni."

Dona Zulmira ta ce ba inda za su sai sun ci kifi. Ta kawo sadin a kan yankakken burodi, da jar giya a ƙananan kofuna. Telma ta ci nata a cikin hayaƙin, tana tari tana ci, idonta na ruwa, amma ba ta tashi ba. Ta ɗauki hoton akuyar, ta sake ɗauka da takalman tsofaffin biyu a gefenta. Abílio kuwa ya lura da wani farin dutse kusa da kunnen yana motsi. Ya aro cokali, ya tono shi, ya gyara masa mazauni da yashin da ke ƙasa, ya juya shi ya mayar, ya daddaka da dunduniyar takalmi. Ya taka, bai motsa ba.

Sai Telma ta dubi agogo, biyar saura minti bakwai. Ta ce ita za ta yi gaba ta tsayar da Custódio, ko da kwanciya za ta yi a gaban bas. Ta gangara da gudu, ta ratsa hayaƙin ba ta ko waiga ba.

Tsofaffin suka biyo baya a hankali, riƙe da hannun juna saboda gangara. Daga ƙasa ana jiyo usur ɗin Custódio. Graciete ta ce ƙahon dama ya cika tsawo, na Pinta bai kai haka ba. Ya ce dutsen da ya samu ke nan. Ta ce to in zai yi wata ya natsu, a ƙofar garke take son ta, in an sake gina shi. Ya ce ba shi da guduma. Ta ce ranar Asabar akwai kasuwa, kuma ta ji an ce akuyar maƙwabta ta sake haihuwa, 'yan biyu.

"Ido fa?" ya ce.

"A hannu kake sare dutse, ba a ido ba. In ta karkace ni zan gaya maka."

Ya ci gaba da tafiya, kansa a sunkuye. Can ya ja ta gefe ya ce ta kula, akwai dutsen da ya fita a gabanta, wanda ya yi wurin nan bai san aikinsa ba.